Leɓen Tsutsa

Na sauka Liyon, a ƙasar Faransa, da jaka ɗaya da lambar wayar wani ɗan garinmu da ya ce in taho kawai, ɗaki na nan yana jirana. Na kira shi daga tashar jirgin ƙasa, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Na sake kira, aka kashe. Na zauna kan benci na rungume jakata, ina kallon mutane suna wucewa da sauri kamar an ce musu gobara ta tashi a bayansu. Wani dattijo mutumin Senegal mai share tashar ya wuce ni da tsintsiyarsa, ya dawo ya sake wucewa, sannan ya tsaya ya tambaye ni wa nake jira. Na gaya masa. Da ya tashi aiki ya kai ni gidan 'yan ci-rani inda yake kwana, ya shimfiɗa mini katifa tsakanin gadaje biyu, ya zuba mini shinkafa da kifi. Kowa Tonton yake ce masa, wato kawu, sunan da na sani ke nan har yau.

Sunana Asumane, mutumin Barmu ne ni, ƙasar Adar, ba nisa da Tawa. A jami'ar Yamai na yi karatun halittun da ke rayuwa cikin ruwa, abin da 'yan'uwana suka daɗe suna yi wa dariya, tunda a wurinmu sai an yi haƙa mai zurfi kafin a ga laima. Abin da ya kai ni Faransa alkawari ne. Wani mutum mai ofishin awon lafiyar koguna, Mushe Farnan (“mushe” shi ne “malam” a bakin Faransawa), ya rubuto cewa in zo in yi masa aiki shekara ɗaya, shi kuma zai sa a ɗauke ni karatun gaba a jami'a, ya sa hannu a sabunta mini takardar zama.

Zangona na biyu wani ƙaramin gari ne a cikin duwatsu, inda rana ke faɗuwa tun la'asar ba ta gama sakaliya ba. Mushe Farnan ya tarbe ni da fara'a. Mutum ne mai taushin murya, bai taɓa ɗaga mini ita ba tun daga farko har ƙarshe. Ɗakin da ya yi mini alkawari ashe wani lungu ne bayan garejin ofis, inda ake rataye raga da takalman roba. Warin danshi ya kama tufafina har na daina jinsa.

Aikin kuwa ga yadda yake. Mu sa takalmin roba mai kaiwa ƙirji, mu shiga rafi, mu kafa raga, mu birkita duwatsu da hannu don abin da ke maƙale ƙarƙashinsu ya faɗa ciki. Ruwan daga ƙanƙarar kan dutse yake gangarowa. Farko hannu ya yi zafi kamar an soka allurai, daga nan ya mutu, ka ga yatsunka suna motsi amma ba ka jin su. Mu juye abin da muka kama cikin alkol, ruwan maganin da ke hana shi ruɓewa, mu kawo ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A nan nake wuni, ido a kan mikiroskop, madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, hantsaki a hannu, ina tsince tsutsotsi daga cikin laka da ruɓaɓɓen ganye.

Cikin waɗannan tsutsotsi akwai dangin da aka fi ɗora mini. Turawan na ce musu tirikoptar, wato masu gashi a fiffike, don idan sun girma sukan fita daga ruwa su zama ƙwari masu kama da ƙaramin malam-buɗe-littafi mara kwalliya. Ban san sunansu da Hausa ba, sai na sa musu magina. Da yawansu suna ɗinka wa kansu gida da zaren bakinsu: wannan da ƙwayar yashi, wancan da guntayen kara, wani da ƙananan tsakuwa jere kamar ginin dutsen Adar. Wasu kuma ba su da gida, raga suke saƙawa tsakanin duwatsu su jira abinci. Amfanin sanin su shi ne kowane iri da ruwan da yake iya zama ciki. Wani ko kaɗan ruwa ya gurɓata ya mutu. Wani kuwa ko a ƙazanta yana nan. In ka san wanda ke cikin kogi, ka san halin kogin, ko da ruwan ya yi garau a ido.

Ran Juma'a nake kiran gida. Wata rana Inna ta karɓi wayar daga hannun wana Illa ta ce, “Asumane, wai mi kaka yi can takamaimai? Illa ya ce ƙwari.”

Na ce, “Ƙwari ne, Inna. Na cikin ruwa.”

“Suna cin hatsi?”

“A'a.”

“Suna cizon bisashe?”

“Ba su cizon kowa, Inna.”

Sai ta ce, “To mi sunka yi ma?”

Na yi dariya har ta ji. Da na ajiye wayar na zauna bakin gado tsakanin takalman roba, hawaye suka zubo mini, ban san daga inda suka taso ba.

Zango na uku gidan Madam Odil ne, kuma shi ne kaɗai wurin da na ji ɗumi a ƙasar nan. Tsohuwa ce da ta ƙare ƙuruciyarta kan magina a wani gidan ajiye halittu, ta yi ritaya ta dawo garin mahaifanta. Idan tsutsa ta gagari mutanen ofis, wurinta ake aikawa. Ranar da aka aike ni da 'yan kwalabe, ta buɗe ƙofa tana laluben fuskata da ido, na gane ganinta ya yi rauni. Ta karɓi kwalaben, hannunta ya taɓa nawa, ta riƙe.

“Wannan hannu ne ko ɓawon itace? Ina kake kwana?”

Na gaya mata. Ta yi tsaki irin nasu. Kafin sati ya zagayo na koma wani ɗaki a saman gidanta. Sharaɗinta ɗaya ne: in zama idonta.

Haka muka riƙa yi kowace Lahadi. Ni ina kan mikiroskop, ita tana kujera kusa da murhu da bargo a gwiwa, tana tambaya.

“Bar gidan tukuna. Gida na ruɗi, iri biyu na iya gini ɗaya. Zaro shi. Bayan kai akwai gaɓa uku. Nawa ne ke da sulke mai tauri a gadon baya?”

“Ta farko kaɗai, Madam.”

“Cikinsa fa? Akwai 'yan tuntayen da yake numfashi da su?”

“Babu.”

“To juya shi ka duba bakin. Kada ka gaya mini abin da kake tsammani. Gaya mini abin da kake gani.”

A wurinta na koyi karanta zanen goshin tsutsa, da siffar ƙugiyar da ke ƙarshen jikinta. Na koyi ƙirga ƙaimin da ke ƙafafun manyan, irin na zakara amma siriri kamar gashi, don yawansu ke raba dangi da dangi. Ranar da ta ce mini ba a tabbatar da ainihin iri sai an yanke ƙarshen jikin namijin, an jiƙa shi cikin wani ruwa mai kaifi har naman ya narke, an duba siffar al'aurarsa, sai na sunkuyar da kai. Matar nan ta kai kakata. Ta ji shirun nawa ta fashe da dariya har tari ya kama ta.

“Asuman, Ubangijin da kake yi wa salla a saman gidana ne ya sa bambancin a wurin, ba ni ba. Duba kawai.”

Na duba. Ƙwari biyu da ido zai rantse uwa ɗaya ta haife su, ga na wannan kamar lauje, ga na wancan kamar cokali mai baki biyu. Na daɗe ban ɗago ba. Ɗaki guda ne a gidanta cike da akwatuna masu aljihu, kowane aljihu da kwalabe jere, abin da ta tara tun tana budurwa. Takan ce in jawo mata na kaza, ta faɗi abin da zan gani tun ban buɗe ba.

Ta san ba ni cin alade, ta daina sayensa gaba ɗaya. Da azumi ya zo takan bar mini miya a kan murhu. Ni kuma na dama mata fura da garin geron da na samo a Liyon da nonon kanti. Ta kurɓa, ta ce kamar yashi mai daɗi, ta shanye.

Da ƙanƙara ta narke aka ba ofishinmu aikin wani kogi da ke bi ta bayan wata masana'antar jimar fata. Masu masana'antar ne suka ɗauke mu, don hukuma na neman shaidar cewa ruwan da suke zubarwa bai ɓata kogin ba. Sama da bututun da suke zubar da ruwan, kowane dutse ka ɗaga sai ka ga gidajen magina maƙale. Ƙasa da bututun kuwa duwatsun sun yi santsi da wani irin yauƙi mai toka-toka. Ruwa ba ya tsami banza. Gaba kaɗan akwai ƙauye, na ga lambuna a bakin ruwan, da wata mata tana cika bokiti tana ba kabejinta.

A ɗakin ƙasa na tsince abin da muka kamo a ƙasan bututu. Masu gida ko ɗaya babu. Sai masu jure ƙazanta, su ma tuntayen numfashinsu sun yi baƙi kamar an babbake. Sai wasu 'yan tsirarun marasa gida, masu sulke a gaɓar farko kaɗai. Irin waɗannan dangi biyu ne masu kama da juna, kuma a leɓen sama ake raba su. Na ɗaya leɓensa fari ne, taushi, mai faɗi kamar bakin tsintsiya, shi wannan ba ya zama sai a ruwa mai tsabta. Na biyu leɓensa tauri ne, zagayayye, kansa da ɗigo-ɗigo, shi yana iya haƙuri da ruwan da ya fara lalacewa. Na juya su ɗaya bayan ɗaya. Dukansu masu taurin leɓe ne. Na rubuta haka.

Mushe Farnan ya sauko da kansa, abin da bai saba ba. Ya jawo kujera kusa da ni.

“Asuman, aikinka na da kyau. Waɗannan marasa gidan, ka tabbata? Ƙanana ne, alkol kan ƙanƙance leɓe.”

Na matsa masa mikiroskop. Ya duba. Ya san aikin nan tun ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, ba abin da zan nuna masa. Ya ɗago ya cire tabarau yana gogewa.

“In masu taushin leɓe ne, kogin ya haye awon hukuma. In ba su ba ne, masana'antar za ta nemi wani ofishi, mu kuma mutum nawa ke ci a nan. Ba ce maka na yi ka ƙirƙiro ƙwaron da babu ba. Shakka ce, a warware ta ta gefen da ya dace.” Ya miƙe, ya dafa kafaɗata. “Takardunka na jami'a suna kan teburina. Ina so in gama da su satin nan.”

Ba zan ce ban yi tunanin yi ba. Na yi. Na tuna Illa da ke noma gonarmu shi kaɗai yana gaya wa mutane ƙanensa zai dawo dokta. Na tuna matar nan mai bokiti, wadda ban san ta ba, kuma ko ta gan ni a hanya ba lalle ta amsa gaisuwata ba. Na saka tsutsa ɗaya a kwalba na kai wa Madam Odil, na ce ko za ta rubuta wa hukuma, sunanta na da nauyi. Ta zauna gaban mikiroskop ɗinta, ta murɗa, ta sake murɗawa, ta matso da fitila. Ta daɗe. Sannan ta janye jiki.

“Hazo kawai nake gani,” in ji ta. “Na yarda da kai. Amma ba zan sa hannu kan abin da idona bai gani ba. Kai ma ba za ka so in yi ba.”

Ban taɓa ganin ta tsufa kamar ranar ba.

Washegari na gaya wa Mushe Farnan cewa abin da na gani na rubuta, ba zan iya canzawa ba. Ya ce ya fahimta, har ya gode mini. Wani abokin aikina ya sake duba kwalaben, rahoto ya fita da masu taushin leɓe, kogin ya haye. Ba wanda ya kore ni. Shekarar ta cika kawai, aka ce jami'a ba ta da gurbi bana, takardar zamana ta mutu a aljihuna.

Zangon da ya biyo baya ba shi da sunan gari. Na tsinki inabi a gonakin kudu, na wanke tukwane a bayan wani gidan abinci, na ɗauki buhunan siminti. Inda duk aka san ba ka da takarda, abin da aka ga dama ake ba ka, wani lokacin a ce ka dawo gobe, goben kuwa ba ta zuwa. Na koyi sauka daga mota in na hangi 'yan sanda a tasha ta gaba. Na koyi tafiya kamar mai sauri zuwa wani wuri ko da ba inda za ni. Na rage kiran gida, don ƙaryar “lafiya lau” ta fara yi mini nauyi a baki. In aiki ya yanke sai in koma ɗakina na saman gidan Madam Odil. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan tashi ba.

Ina can gonakin kudu ta faɗi a matakala, ƙugunta ya karye. Da na iso na tarar da ɗanta ya zo daga babban birni, an riga an kai ta gidan tsofaffi. Mutum ne mai ladabi, a gajiye. Ya ce za a sayar da gidan. Na tambaye shi akwatunan fa. Ya ce ya rubuta wa wurare, wasu ba su amsa ba, wasu sun ce ba su da wurin ajiya, kuma mai sayen gidan na son ɗakin a share. Ya roƙe ni in taya shi, don bayansa na ciwo.

Ni na sauko da su. Aljihu bayan aljihu, muna juyewa cikin manyan robobi, kwalabe na fashewa, warin alkol ya cika tsakar gida. Ina ganin rubutun hannunta a kan 'yan takardun, sunayen rafuka da shekarun da ba a haife ni ba. Na so in ɓoye ko aljihu ɗaya, to in kai ina? Mutumin da ba shi da wurin kwana gobe. Da muka gama ya ba ni wata babbar rigar sanyi ta mahaifinsa, ya yi mini godiya sosai.

Na je ganinta kafin in bar garin. Ta gane muryata. Ta ce, “Akwatunan fa, Asuman? An samu mai karɓa?”

Na ce, “Ana kan magana, Madam.”

Ta juya fuska wajen taga. Ina jin ta gane.

Ba a kama ni ba. Gajiya na yi. Na je da ƙafata na ce ina son komawa gida, aka sa ni a jirgi.

Illa ne ya tarbe ni a tashar motar Tawa. Ya dubi jakata, ita ce dai wadda na tafi da ita. A kan babur muka fita gari, muka hau jar hanyar Barmu. Da muka tsaya shan ruwa gindin wata gawo na ba shi labari duka. Ya saurara yana karya wani kara a hannunsa.

“Tsaya in gane,” ya ce. “Gulbin nasu na?”

“Nasu ne.”

“Masana'antar tasu ta? Hukumar tasu ta?”

“E.”

“Kuma abin da ka ƙi yi, wani ya yi?”

“Ya yi.”

Ya jefar da karan. “Kenan don leɓen tsutsa ka zubda karatunka. Shekara nawa ina riƙe da gidanga ni ɗai, Asumane? Mi za ni ce ma mutane?”

Har yanzu ban ga laifinsa ba. A gida kuwa Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ta shafa kumatuna ta ce na rame, ta sa aka yanka zabo.

Daga baya na samu koyarwa ta kwantiragi, aka tura ni wata makaranta a arewacin Adar, bakin wani babban tabki da ba ya ƙafewa. Ina koyar da ilimin halittu da alli da allo, babu mikiroskop. Koramun nan namu kwana kaɗan suke gudu bayan ruwan sama su koma yashi, don haka na ɗauka abin da na koyo ya zauna can inda na baro shi.

Wata magariba cikin damina, ina alwala a ƙofar ɗakina, aka kunna fitilar sola ta makaranta, ƙwari suka taru. A jikin bango na ga wani ɗan ƙarami, ruwan ƙasa, ya kifa fikafikansa kamar rufin bukka, gashin kansa biyu sun fi jikinsa tsawo. Gabana ya faɗi. Na ɗauko kofin shayi na kife shi, na zura takarda ta ƙasa. Na kai shi kusa da haske. Gashi ne a fiffiken. Magini ne, a Adar, daga tabkin da nake wucewa kullum.

Da ido zan iya kusantar danginsu, amma ainihin irinsa sai da kayan aiki, sai kuma wanda ya sani. Mutum ɗaya ce a duniya da wannan labari zai sa ta miƙe zaune. Na yi salla, na hau tudun bayan makaranta inda waya ke kamawa, na kira gidan tsofaffin. Wata mata ta ɗauka. Na faɗi sunan wadda nake nema. Ta ce in dakata, na ji tana magana da wani, sannan ta dawo.

“Ta rasu tun cikin sanyin da ya wuce. Kai danginta ne?”

Na ce, “A'a. Na zauna a gidanta ne.”

Ta ce in yi haƙuri, tana da aiki, ta ajiye.

Da safe na je ɗakin shan magani na roƙi ɗan alkol a wata kwalbar allura da aka gama da ita. Na saka shi ciki, na yanki 'yar takarda na rubuta sunan tabkin da watan da na kama shi. Wurin sunan ƙwaron na bar shi fari, don ban gani ba tukuna.